Kubwa, Suleja, Mararaba ko Lugbe: Ina Mai Iyali Zai Zauna In Aikinsa Yana Abuja?

Mafi yawan mutanen da ke cika ofisoshin Sakatariyar Tarayya da shagunan Wuse da Garki da rana, ba a cikin birnin suke kwana ba. Da an tashi daga aiki sai jama'a ta rabu gida uku: wasu su hau titin Kubwa, wasu su bi titin filin jirgi, wasu kuma su bi ta mahaɗar AYA da ke Asokoro su gangara Nyanya su tsallaka jihar Nasarawa. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, gidajen Maitama da Asokoro ba su taɓa zama na ƙaramin ma'aikaci ba, kuma rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara kora masu ƙaramin ƙarfi bayan gari. Gwauro ko ina ya samu sai ya raɓa, in wuri bai yi masa ba ya naɗe katifarsa ya ƙara gaba. Wanda zai ɗauko mata da yara daga Kano ko Katsina ko Gombe ba shi da wannan damar, domin haya a nan ta shekara ce, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. In ka yi kuskuren unguwa, da kai da iyalinka sai kun cinye wata goma sha biyu a cikinsa.

Yawancin mutane da tambayar "ina haya ta fi sauƙi" suke farawa, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wannan lissafin yana iya fita. Bayan cire tallafi, da lita ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. A ce bambancin abin da za ka kashe a mota tsakanin unguwa ta kusa da ta nesa naira 1,500 ne kacal a rana. A kwana 22 na aiki ya zama 33,000, a shekara kuwa ya doshi 400,000. Sau da yawa wannan ya cinye rangwamen da ka ga kamar ka samu a haya, ba a ma sa gajiya da lokacin da ya salwanta a hanya ba. Araha ba ta ado.

Don haka abu na farko shi ne ka san ta wace ƙofa kake shiga wurin aikinka. Mai aiki a Wuse, Utako, Jabi, Mabushi ko Maitama, titin Kubwa ne nasa. Mai aiki a Area 1, Babban Asibitin Ƙasa, ko tsakiyar birni, titin filin jirgi ya fi kai shi kai tsaye. Mai aiki a Asokoro ko Area 11, ta Nyanya ce hanyarsa. Abu na biyu, wanda maza suka fi mantawa da shi: kai kwana kawai kake yi a unguwar, uwargida da yara su ne ke wuni a cikinta. Su ne za su nemi ruwa, su je cefane, su tafi makaranta da Islamiyya, su nemi asibiti tsakar rana kana can ofis.

Da Kubwa zan fara, don a ganina ita ce ma'aunin da za a gwada sauran da ita. Tana cikin ƙaramar hukumar Bwari, a kan babban titin Murtala Muhammed mai layi goma in an haɗa da na gefe. Gari ne cikakke, ba unguwar kwana kawai ba: akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwa, bankuna, sansanin masu yi wa ƙasa hidima, da makarantu na gwamnati da na kuɗi iri-iri, har da waɗanda suka haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Abin da ya fi ɗaga ta sama da sauran shi ne ruwa. Dam ɗin Usuma da ke shayar da Abuja yana kusa da ita, kuma sassa da dama na tsohuwar Kubwa da aka tsara, irin su Phase 2 da Phase 3 da Phase 4, suna samun ruwan famfo. Wanda bai taɓa zama da yara huɗu a gidan da kowace jarka sai an saya daga hannun 'yan ga-ruwa ba, ba zai gane girman wannan ba. Wanki, wanka, girki, alwala, duk a kan kurar mai ruwa, kuma ranar da babu wutar da za a tayar da burtsatse, farashin jarka ya tashi.

Ga ɗan Arewa akwai ƙarin wani abu. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yana tsayawa a tashar Kubwa, saboda haka mai zuwa gida Kaduna ko Zariya ko Kano ba sai ya je babbar tashar jirgin da ke Idu ba. In ta mota ce ma, daga Kubwa zuwa Zuba ba nisa, ka riga ka bar cunkoson birni a bayanka. Akwai kuma jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024, yana tashi daga Gbazango ya bi ta Dei-Dei zuwa Idu, daga nan a shiga tsakiyar birni. Amma zirga-zirgarsa ba ta da yawa a rana, kada ka gina lissafin zuwa ofis a kansa sai ka je tashar ka ga jadawalin da idonka. Kasuwar Dei-Dei kuwa, ta dabbobi da ta kayan gwari da ta kayan gini, tana maƙwabtaka, kuma Hausa ake yi a cikinta daga ƙofa har ƙarshe.

Aibin Kubwa shi ne kowa ya san waɗannan alherai, har da masu gidaje. Hayarta ta fi ta Mararaba da Suleja nesa ba kusa ba. Sannan sunan Kubwa yana da faɗi. Dillali zai ce maka "gida a Kubwa", ka bi shi ka tsinci kanka a can ƙarshen Byazhin ko Chikakore, inda kwalta ta ƙare tun tuni, ruwan famfo bai kai ba, kuma sai ka hau babur ko keke kafin ka fito bakin titi. Wannan wata Kubwa ce daban, farashinta daban, wahalarta daban. Haka Dutse Alhaji da hanyar Bwari: sun fi sauƙin haya, Bwari ma tana da hedikwatar JAMB da Makarantar Horon Lauyoyi, amma a farkon 2024 masu garkuwa da mutane sun shiga wasu unguwannin gefen Bwari da Dutse da ke jingine da duwatsu da daji, sun kwashi mutane har cikin gidajensu. Ba dukan yankin ne haka ba, sai dai gidan da bayansa daji ne, komai kyansa, ni ba zan kai yara ba.

Suleja ita ce zaɓin da zuciyar Bahaushe ta fi karkata gare shi, kuma da dalili. Tsohuwar masarauta ce ta Zazzagawan da suka baro Zariya bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828, kuma ita ce asalin Abuja kafin ta bar wa sabon babban birnin sunan ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkinta. Matar da aka ɗauko daga Fagge ko Tudun Wadar Zariya ba za ta yi baƙunta a nan ba. Akwai maƙwabta da za a yi sallama a shiga, akwai biki da suna, akwai Islamiyya kusan kowane lungu, akwai masu ƙosai da koko da safe, akwai inda za a kai niƙa. In tana sana'ar cikin gida, ɗinki ko turaren wuta ko abincin sayarwa, za ta sami masu saye. Kayan abinci sun fi araha, haya ma haka, kuma da kuɗin ciki da falo a Kubwa kana iya samun gida mai tsakar gida da yara za su yi guje-guje.

Mai biyan farashin duk wannan shi ne maigida. Suleja jihar Neja ce, kuma kafin ka ga mahaɗar Berger da ke cikin birnin Abuja sai ka wuce Dutsen Zuma da Madalla, ka ratsa Zuba, sannan ka hau titin Kubwa tun daga farkonsa, wato duk cunkoson da mutumin Kubwa zai sha kai ma za ka sha, bayan naka na kanka. Hanyar ita ce ta manyan motocin Kaduna da Kano, ga tankokin mai, kuma ranar da kasuwar Madalla ke ci ko wata tirela ta faɗi, sai haƙuri. Masu wannan hanya da sallame sallar asuba suke fita, wasu ma a hanya suke yinta, su dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Mutum ya tambayi kansa da gaske ko zai jure ganin 'ya'yansa Asabar da Lahadi kawai alhali gida ɗaya suke kwana. Wanda ma'aikatarsa ke da motar ɗaukar ma'aikata, ko mai aikin da ba kullum ake zuwa ba, ko ɗan kasuwar da harkarsa ke Zuba ko Dei-Dei, Suleja ta yi masa ƙwarai. Wanda dole ya sa hannu a rajista ƙarfe takwas kullum a Garki, zai tsufa da wuri.

Mararaba kuma al'amarinta akwai ban haushi, domin a taswira ta fi Kubwa da Suleja kusa da tsakiyar birni. Ranar Lahadi da safe, daga gadar Mararaba zuwa AYA tafiyar 'yan mintuna ce. Ranar Litinin kuwa wannan ɗan tsakanin yana iya cin sa'a biyu. Dalili shi ne hanya ɗaya ce tak, titin Abuja zuwa Keffi, kuma duk jama'ar Masaka da Ado da One Man Village da New Nyanya da Mararaba, da na Karu da Jikwoyi da Kurudu, a kanta suke haɗuwa su matse ta Nyanya da tudun Kugbo. Ita ce kuma hanyar motocin Jos da Lafiya da Makurɗi. Motocin haya suna lodi a kan titi, 'yan tireda sun ci gefensa, kuma tun bayan tashin bam a tashar Nyanya a Afrilun 2014, duk lokacin da aka tsaurara bincike a shingayen jami'an tsaro layin motoci sai ya ƙara tsawo.

Duk da haka mutane ba su daina tururuwa can ba, kuma ba wauta ba ce. Haya da sauƙi, abinci da sauƙi, kasuwar lemu da sauran kasuwanninta suna ci dare da rana, 'yan Arewa suna da yawa, kuma duk sana'ar da mutum ya kafa zai ga jama'a. Matsalar mai iyali ita ce garin ya girma ba tare da tsari ba. Lunguna matsattsu, magudanan ruwa a toshe, bola a bakin hanya, ruwan sha na burtsatse da 'yan ga-ruwa, filin da yaro zai buga ƙwallo sai an tona. Makarantun kuɗi suna da yawa kamar me, amma da dama gidan haya ne aka sa wa allo, sai ka shiga ka duba aji da banɗaki kafin ka biya. Ka kuma tuna cewa ka fita daga Babban Birnin Tarayya: makarantar gwamnati da asibiti da takardun fili duk na jihar Nasarawa ne. In aljihu ya ɗan yi nauyi, Karu Site ko Jikwoyi ko Kurudu, waɗanda ke ɓangaren Abuja, sun fi tsari da natsuwa, ko da yake ta mashiga ɗaya za ku fita da mutanen Mararaba. Hukuncina a kan wannan yanki shi ne, ya dace da wanda abincinsa ke cikin yankin, ko mai aiki a Asokoro da zai iya fita kafin gari ya waye. Wanda ofishinsa ke Jabi ko Utako ya zauna a Masaka, ya zalunci kansa.

Lugbe kishiyar Mararaba ce ta fuskar hanya. Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda shugabanni da baƙin ƙasa ke bi zuwa filin jirgi, ba a barinsa ya lalace, kuma daga Lugbe zuwa ƙofar birni da filin wasa na ƙasa babu nisa. Ana samun cunkoso da safe, amma ba irin na Nyanya ba. Akwai rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya (FHA), sannan ga ɗimbin rukunan gidaje masu katanga da maigadi da suka bazu ta baya, wajen Pyakasa da Sabon Lugbe. Ga matashin ma'aikaci mai mota da mata mai aiki da yara biyu, wuri ne mai daɗi: an rufe ƙofa, yara suna hawa keke a cikin layi, ba hayaniya.

Sai dai da ka sauka daga babban titin labari ya canja. Hanyoyi da yawa na ciki ba kwalta, ƙura da rani, taɓo da damina. Ruwa na burtsatse ne a mafi yawan wurare. A kan haya akwai kuɗin hidima na shekara, na tsaro da shara da gyaran taransifoma, wanda dillali ba ya ambata sai an zo sa hannu. Sannan ambaliya: wasu rukunan an gina su a kan hanyar ruwa, kuma abin da ya faru a rukunin Trademore a Yunin 2023, lokacin da ruwa ya shanye gidaje da motoci, ya isa gargaɗi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici. Zaman rukunin gidaje zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi ne. Matar da ba ta fita aiki, ba ta tuƙi, ta saba da gidan yawa, za ta wuni ba wanda ya yi mata sallama, kuma Islamiyya ko masallacin Juma'a na iya zama sai an ɗauki mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana iya zama silar "ni dai ka mayar da ni gida".

Kuje da Gwagwalada ba zan daɗe a kansu ba. Gwagwalada tana da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja, wanda babban abu ne ga mai tsoho ko mai jinya a gida, kuma jami'ar ma tana kusa. Amma ta haura kilomita 50 daga tsakiyar birni, ga zafi da ya yi suna. Kuje gari ne mai natsuwa da arahar kayan gona, ta dace da ma'aikatan filin jirgi, sai dai harin da aka kai gidan yarin garin a Yulin 2022 da matsalar tsaro a ƙauyukan bayanta sun sa a riƙa tsayawa cikin gari. Duka biyun na wanda aikinsa ke can ne, ko mai shirin yin ritaya.

In an ce in jera su ga ma'aikaci mai matsakaicin albashi da mata ɗaya da yara 'yan makaranta: Kubwa ta ciki in kuɗi sun kai, ko da za a rage ɗaki ɗaya. In ba su kai ba kuma iyali sun fi son zaman gida irin na Arewa, Suleja, da sharaɗin an sami tsayayyar mota. Lugbe ga mai motar kansa. Mararaba ga wanda kasuwancinsa ke can.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka je duba gida ranar Asabar da hantsi kawai, lokacin da dillalai suka fi so. Ka kwana a yankin daren Lahadi, ka fito da safiyar Litinin ka bi hanyar a motar haya har ofis, ka duba agogo. In da hali ka ga gidan a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka duba gindin katanga ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka tambayi mai shayin bakin layi sa'a nawa ake samun wuta, ka tambayi mai ruwa nawa ne kura, ka yi sallar magariba a masallacin unguwa ka ji hirar mutane a kan tsaro. Su ba su da kamasho a cikin cinikin. Game da wuta, dukan waɗannan wurare, har Suleja da Mararaba, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja (AEDC) ne ke ba su, amma layi ya bambanta da layi. Ka tambaya ko gidan yana rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, domin tun Afrilun 2024 da aka ɗaga farashinsa, a lokacin zuwa naira 225 kowane yunit, wutar tana samuwa amma katin yana ƙarewa da sauri. Ka tabbatar kuma mita taka ce kai kaɗai, ba ta haɗaka da maƙwabta ba.

Makaranta ita ma a neme ta kafin gida, ba bayansa ba, kuma ta kasance a ɓangarenku na titi. Waɗannan manyan tituna ba na yaro ya tsallaka ba ne, gadojin masu ƙafa kuma suna da tazara. Wanda zai dogara da firamaren gwamnati a Abuja ya sani cewa a 2025 malamansu sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, don haka a tanadi abin da yara za su yi in hakan ta sake faruwa. Uwargida da manyan yara masu shiga birni su kuma a ja musu kunne a kan 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi. A shiga mota a tasha, ko da ta fi tsada da ɗari biyu, kada a tsaya a bakin titi da duhu.

Bayan shekara biyu ko uku na biyan haya, kusan kowa sai ya fara tunanin sayen fili, kuma nan ne za a kawo maka na Kuje ko bayan Lugbe ko Byazhin da farashi mai daɗi da takardar dagaci. A cikin Babban Birnin Tarayya minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma takardar sarkin ƙauye ba ta hana katafila zuwa. Kafin ka ba da ko sisi, ka ɗauki lambar fayil ɗin ka je AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, a bincika maka. In a Mararaba ko Masaka ne, ofishin NAGIS, mai rajistar filaye na jihar Nasarawa, za ka nufa, in kuma Suleja ce, sai hukumar filaye ta jihar Neja.